Wai da gaske tsadar sigari na sa a daina sha?

Mai_Nazari
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk sanda wata gwamnati za ta ƙara wa taba sigari haraji, sai ka ji an ce ai don lafiyar jama'a ne, in ta yi tsada za a rage sha. Ni fa ban gamsu ba. Yayana ya fi shekara ashirin yana sha. A kan idona kuɗin kwali ya ninka, ya sake ninkawa, amma ko kara ɗaya ban ga ya rage ba. Mita ce kawai ta ƙaru. To wannan haraji magani ne, ko dai tatsar wanda jaraba ta riga ta ɗaure ake yi da sunan lafiya? Masu ilimin abin, da waɗanda suka sha suka bari, don Allah ku fito.

Direban_Dare
Wa alaikumus salam. Tatsa ce, Malam, kar ka wahalar da kanka. Wanda bai taɓa farkawa ƙarfe uku na dare yana laluben aljihun tsohuwar riga ko zai dace da guntu ba, bai san jaraba ba. Shi wannan ne farashi zai hana? Ni shekarata goma sha huɗu a ciki, kuma yanzu haka da nake rubutun nan tana hannuna.

Malam_Lissafi
Mai_Nazari, abin da ka gani a wurin yayanka gaskiya ne, sai dai mutum ɗaya ne. Babu mai binciken da ya ce kowane mashayi zai ajiye. Abin da aka auna a ƙasashe da yawa, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ke yawan kawowa, shi ne: in farashi ya tashi da kashi 10 cikin 100, yawan tabar da ake sha yakan ragu da kimanin kashi 4 a ƙasashe masu arziki, da kimanin kashi 5 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali. Kusan rabin raguwar daga waɗanda suka daina ne ko ba su fara ba, ɗaya rabin kuma daga masu rage yawan karan da suke sha a rana.

A sauƙaƙe, cikin mashaya ɗari, biyu ko uku ne za su bari. Sauran casa'in da bakwai suna nan suna mita kamar yayanka. Don haka in gida ɗaya ka leƙa, mai mita za ka tarar. Amma masu amfani da taba a duniya sun haura biliyan ɗaya. Ka cire biyu daga kowane ɗari ka ga mutum nawa ke nan.

Sarkin_Musu
Malam_Lissafi, da bakinka ka tabbatar da zargin Mai_Nazari. Farashi ya hau da goma, sha ya sauka da huɗu. Wa ya kwashe ratar da ke tsakani? Baitulmali. Shi ya sa ministocin kuɗi ke ƙaunar harajin nan, sun san saniya ce da ba ta tsinke igiya.

Malam_Lissafi
Ban musa ba. Yana kawo kuɗi, yana kuma rage sha, ɗaya bai ƙaryata ɗaya ba. Tun 1999 Bankin Duniya ya fitar da babban rahoto a kan haka. Niyyar minista daban, abin da ke faruwa a huhun jama'a daban.

Uwar_Biyu
Ku yi haƙuri in sa baki, don ni a cikin gidan nake. Maigidana yana sha. Duk lokacin da aka ƙara kuɗi, ba sigarin ke raguwa ba, kuɗin cefane ne ke raguwa. Ba ya faɗa, amma ni da nake riƙe da gidan na sani. Akwai watan da muka ɗaga sayen takalmin makarantar yarinya, shi kuwa kwalinsa bai yi fashin rana ɗaya ba. Ba mugu ba ne, wallahi kunyar abin yake ji, har ɓoye mini yake yi. Amma in kuna lissafin biyu cikin ɗari, ku riƙa tuna matan casa'in da bakwai ɗin nan da 'ya'yansu. Mu ne ke biyan harajin, ga hayaƙin da muke shaƙa a kyauta.

'Yar_Asibiti
Yaya Uwar_Biyu, Allah ya ba ki haƙuri, maganarki ta taɓa ni. Gidan da mai shan bai daina ba, ƙarin haraji cuta ne a gare su, babu wani kwana-kwana. Amma bari in faɗi abin da nake gani a wurin aiki. Mu ƙarshen labarin ake kawo mana: mutumin da numfashi ya gagara, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, mai ciwon dajin huhu da aka gano bayan ya yi nisa. Mai kuɗi yana da abin jinya. Talaka in ya kwanta, gidan ne gaba ɗaya ya kwanta, a sayar da abin da aka mallaka, yara su bar makaranta. Taba tana kashe kusan rabin waɗanda suka dawwama a kanta, sama da mutum miliyan 7 duk shekara. Kuma talaka ya fi mai kuɗi jin zafin farashi, don haka cikin masu dainawa saboda tsada, marasa ƙarfi ne suka fi yawa. Ciwon ki na yau ne kuma a fili yake. Ribar ɗayan gidan ba a ganinta, don babu mai yin shela cewa bai kwanta asibiti ba.

Uwar_Biyu
Na ji, ƙanwata. Amma ɗayan gidan ba nawa ba ne.

Tsohon_Mashayi
Ni ina cikin biyun da Malam_Lissafi ya ƙirga, bari in ba ku labari. Shekara goma sha bakwai na yi ina sha, kwali guda a rana, in raina ya ɓaci guda da rabi. Na san tana kisa, wa bai sani ba? An rubuta a jikin kwalin, likita ya gaya mini, mahaifiyata ta yi kuka a kai. Duk wannan bai motsa ni ba, domin mutuwar da ake faɗa tana can gaba, sigarin kuwa yana nan a aljihu.

Sai aka yi wani ƙari mai nauyi a lokaci guda. Ranar na miƙa kuɗin da na saba, aka ce bai kai ba, ga mutane a bayana. Kunyar da na ji ta fi kuɗin ciwo. Da na koma gida na ɗauki biro na ninka kuɗin kwali da kwana talatin, sai na ga ya doshi kuɗin hayar ɗakin da nake ciki. Wato ɗaki biyu nake biya, ɗaya ina kwana, ɗaya ina ƙonawa.

Ban daina a ranar ba, kar in yi muku ƙarya. Sau huɗu ina bari ina komawa. Kwana ukun farko su ne bala'i, ba barci, kowa haushi yake ba ka. A karo na biyar ne Allah ya taimake ni, yau shekara shida. Abin da zan ce shi ne, tsada ba ta cire mini jaraba ba. Amma duk mashayi yana da wata murya a ciki da ke cewa ya isa haka, tsadar ce ta ƙara wa tawa ƙarfi. Kuma da a hankali aka riƙa ƙarawa, kaɗan-kaɗan, da ban ma lura ba.

Direban_Dare
Baba, Allah ya ƙara tsarewa, na taya ka murna. Amma ni ga abin da tsada ta yi mini. Na bar mai tsadar da na saba na koma mai araha, wadda ko sunanta ban iya faɗa ba. Da nakan jefar da kara da saura, yanzu sai wuta ta taɓa auduga. Ina zuƙa da ƙarfi, ina riƙe hayaƙin ya daɗe. A takardar Malam_Lissafi wataƙila na rage, amma ƙirjina ya san ban rage komai ba.

'Yar_Asibiti
Wannan da Direban_Dare ya faɗa sananne ne. Jiki nikotin yake nema, sinadarin da ke kawo jarabar, ba ƙirgen kara yake yi ba, sai mutum ya rage adadi ya ƙara zurfin zuƙa. Shi ya sa ragewa ba ta kai dainawa amfani ba, ko kusa. Ko kara ɗaya a rana yana da haɗari babba ga zuciya.

Malam_Lissafi
Direban_Dare ya taɓo inda gizo ke saƙa: komawa mai araha. Haraji iri biyu ne. Akwai wanda ake yankawa bisa ƙimar kaya, kashi kaza na farashi. Akwai kuma tsayayye, kuɗi kaza a kan kowane kara ko kwali, ko mai tsada ne ko mai araha. Na farkon yana barin rata mai faɗi, domin sigari mai araha harajinsa ma araha ne, sai mashayi ya sauko mataki ɗaya kawai maimakon ya fita. Tsayayyen ne ke ɗaga ƙasan kasuwa. Birtaniya ta kafa mafi ƙarancin harajin da kowane kwali zai biya a 2017 saboda wannan matsala. Indunusiya kuwa harajinta hawa-hawa ne, ya danganta da irin sigarin da girman kamfanin, kullum akwai matakin da za a sauka, kuma kusan biyu cikin uku na mazan ƙasar suna sha.

Wani misalin ma abin dariya ne. A 2009 Amurka ta ɗaga harajin tarayya a kan kwali daga santi 39 zuwa dala 1.01. Tabar da ake naɗawa da hannu aka kai harajinta kusan dala 25 a kan laba, ta lofe kuwa aka bar ta ƙasa da dala 3. Nan da nan kamfanoni suka canza rubutun jikin leda, tabar naɗi ta koma "tabar lofe", cinikinta ya yi tashin gwauron zabi. Ba wai Amurkawa sun koma shan lofe ba ne.

Ɗan_Tireda
Ku ƙara da wannan: gwamnati haraji take sawa, amma kamfani ne ke yanka farashi. In aka ƙara haraji, sai su ɗora wa manyan samfuransu fiye da abin da aka ƙara, su ce gwamnati ce, ribarsu ta hau. Ƙananan kuwa sai su shanye wani ɓangare na harajin don kar su yi tsada. Mai kuɗi ya biya musu, talaka da yaro su ci gaba da samun mai sauƙi. Duk ɗan kasuwa ya san wannan dabarar, ba a korar sabon kwastoma.

Malama_Aji
Tun ɗazu kuna maganar manya, ni kuwa yara ne a gabana. Shekarata goma sha ɗaya ina koyarwa a sakandare. Kusan tara cikin goma na masu sha kullum sun fara ne kafin su wuce shekara 18, an auna wannan a Amurka. Yaro ɗan shekara sha huɗu bai kamu ba tukuna, kuma kuɗin aljihunsa ƙalilan ne. Shi ne farashi ke tsorata. Mai_Nazari, kana duban yayanka da ya yi shekara ashirin a ciki kana cewa haraji bai yi aiki ba. Ni ina ganin ba don shi aka yi ba, don ɗansa aka yi.

Amma duk wannan yana rushewa inda ake sayarwa kara-kara. Yaro ba ya sayen kwali, ina zai ɓoye shi? Kara ɗaya yake saya da canjin aike. A ninka kuɗin kwali, kuɗin kara ɗaya har yanzu bai fi ƙarfinsa ba.

Baba_Tarihi
Malama ta yi gaskiya, kuma kamfanonin sun riga kowa sanin haka. Ranar 2 ga Afrilu 1993 kamfanin Philip Morris ya zaftare kusan kashi 20 na farashin Marlboro a Amurka don ya ƙwato kasuwa daga masu araha, sauran kamfanoni suka bi. A shekarun nan shan sigari tsakanin ɗaliban manyan sakandare ya tashi daga kashi 27.5 a 1991 zuwa 36.4 a 1997. Ba farashi kaɗai ba ne, talla ma ta yi aikinta. Amma bayan sulhun shari'a na 1998, da kamfanonin suka amince su biya jihohi 46 sama da dala biliyan 200 suka kuma ɗora kuɗin a kan kwali, sai adadin ya juya ya yi ta sauka.

Batun kara-kara kuma, yarjejeniyar taƙaita taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta fara aiki a 2005, sashe na 16 ya nemi ƙasashe su hana shi. Rubutawa dai an rubuta.

Gimbiya_22
Ni fa a cikin sa'o'ina ba na ganin mai shan sigari sosai, duk shisha ce da wannan na lantarkin mai ƙamshin 'ya'yan itace. Ku kuna faɗa a kan kwali, yara sun canza layi tuntuni 😂

Direban_Dare
Na gwada na lantarkin wata biyu. Ƙarshe na koma ina shan duka biyun.

Mai_Gadin_Zaure
Jama'a, shisha da na lantarki a buɗe musu nasu zaren. A nan farashi da haraji ake magana.

Sarkin_Musu
To mu dawo. Har yanzu babu wanda ya ambaci fasa-ƙwauri, kuma shi ne ke wargaza lissafin nan naku. Ku dubi Ostireliya, wadda ake kafa misali da ita. Ta ƙara kashi 25 a 2010, sannan kashi 12.5 duk shekara daga 2013 har 2020, har kwali ya haura dalarsu 40. Me ya biyo baya? 'Yan daba suka karɓe kasuwar. Tun 2023 an cinna wa shagunan taba sama da ɗari wuta a Melbon da kewayenta, gungu-gungu suna rikicin wa zai mallaki cinikin. Kuɗin harajin da ya kai kimanin dalarsu biliyan 16 a 2020 ya faɗo ƙasa da biliyan 10 cikin shekara huɗu. Gwamnati ta yi asara, ɓarayi sun yi kuɗi, mashayi yana samun mai araha a ƙarƙashin kanta. In an matsa wa ruwa, hanya yake canzawa.

Malam_Lissafi
Ostireliya tana da matsala ta gaske, ba zan kare ta ba. Amma ka faɗi ɗaya rabin: masu sha kullum a can sun sauka daga kimanin kashi 24 a 1991 zuwa kimanin kashi 8 a 2023. Kuma ita tana can ƙololuwa ne, kwalinta na cikin mafi tsada a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haraji ya kai aƙalla kashi 75 na farashin kwali, ƙasashe kimanin arba'in ne kawai suka kai. Yawancin duniya ko wannan matakin ba su hau ba, kana tsorata su da faɗowa daga rufi.

Baba_Tarihi
Sarkin_Musu, ɗana, bari in ba ka labarin Kanada, don wannan waƙar ta fasa-ƙwauri tsohuwa ce. Farkon shekarun 1990 harajinsu ya yi sama, sai sigarin sumoga ya cika ƙasar. Aka yi ta kururuwa, daga Fabrairun 1994 gwamnatin tarayya da larduna biyar suka zaftare haraji, a wasu wuraren farashi ya kusa rabewa biyu. Daga baya me aka gano? Sigarin Kanada ne ake fitarwa Amurka ba haraji, a juyo da shi ta ɓarauniyar hanya, da sanin masu yin sa. A 2008 kamfanonin Imperial Tobacco Canada da Rothmans, Benson & Hedges suka amsa laifi a kotu, aka ɗora musu sama da dalar Kanada biliyan ɗaya. Mai kukan ɓarawo shi ne ya buɗe taga.

Birtaniya kuma ta bi wata hanyar. A 2000 kusan kara ɗaya cikin biyar da ake sha a can na sumoga ne. Ba su rage haraji ba, sai suka ƙarfafa kwastam, suka matsa wa kamfanoni su san inda kayansu ke zuwa. Cikin shekara goma ya koma kusan ɗaya cikin goma, haraji kuwa yana ta hawa.

Sarkin_Musu
Baba, da girmanka, Birtaniya tsibiri ce mai jami'an da ake biya albashi a kan lokaci. Ƙasar da iyakarta ta fi ƙarfin masu gadinta fa? Ko a cikin Amurka, jihar Niyok na karɓar dala 5.35 a kan kwali, Misuri santi 17. Mota kawai mutum ke buƙata.

Baba_Tarihi
Ka kawo hujjata da kanka. Rata tsakanin maƙwabta da raunin hukuma su ne ke kiwon sumoga. Dubi Afirka ta Kudu. Daga 1993 zuwa 2009 ta yi ta ɗaga haraji, ciniki ya faɗi da kimanin kashi 30, masu sha suka sauka daga kusan kashi 32 zuwa kimanin 20, kuɗin shiga ya ƙaru. Sigarin bayan fage bai yi ƙamari ba sai bayan 2014, lokacin da aka karya lagon hukumar tara harajinsu, a shekarun da harajin ma ba ya wani motsi. Sannan a 2020, lokacin korona, suka hana sayar da sigari ɗungurungum daga ƙarshen Maris zuwa Agusta. Yawancin mashaya ba su fasa samu ba, kuma daga nan kasuwar bayan fage ta haura rabi. Hani ne ya yi wannan ɓarnar, ba haraji ba.

Sarkin_Musu
Harajin da ya wuce kima ai hani ne da ya sa babbar riga.

Malam_Lissafi
Wannan kam magana ce. Inda kimar take ne ba mu daidaita ba.

Akwai kuma abin da ya shafi tambayar farko kai tsaye. Mai_Nazari, ka ce kuɗin kwali ya ninka, ya sake ninkawa, wato sau huɗu ke nan. A cikin shekara nawa? Sauran kaya fa, sau nawa suka ninka? Samun yayanka fa? In komai ya ninka sau biyar sigari ya ninka sau huɗu, to araha ya yi, ba tsada ba. Abin da ake aunawa shi ne aikin minti nawa mutum zai yi ya sayi kwali. A ƙasar Sin, mai mashaya kimanin miliyan 300, albashi ya yi shekaru yana gudu ya bar farashin sigari a baya, sai ya zama kullum sauƙi yake ƙarawa ko da lambar da ke jikin kwalin ta hau. Harajin da ba a ɗaure shi da hauhawar farashi ba, a hankali hauhawar za ta cinye shi.

Mai_Nazari
Gaskiya ban taɓa duba ta nan ba. In na tuna yadda sauran kaya suka tashi a tsawon lokacin, ba na jin sigari ya fi su gudu.

Uwar_Biyu
Ni tambayata ɗaya ce har yanzu. Kuɗin da ake karɓa ina suke zuwa? In da za a ce ga wurin da maigidana zai je a taimaka masa ya daina, a ba shi magani kyauta daga cikin harajin da ya biya shekara da shekaru, da na yi shiru.

'Yar_Asibiti
Nan kam muna tare, Yaya. Cikin masu ƙoƙarin dainawa da ƙarfin hali kawai, waɗanda ke kai shekara ba su koma ba ba su fi biyar cikin ɗari ba. Magani da shawarar ma'aikacin lafiya suna ninka damar. A tsawwala farashi ba a buɗe ƙofar fita ba, zalunci ne. Kuma ki gaya masa bai makara ba. Binciken da aka yi shekara hamsin ana bin likitocin Birtaniya ya nuna mai sha yana asarar kimanin shekara goma na rayuwa, amma wanda ya daina yana ɗan 40 yana ceto kusan tara, ɗan 50 kimanin shida.

Malam_Lissafi
Akwai inda aka yi abin da Uwar_Biyu ke nema, ko kusa da shi. Filifin ta yi dokar harajin taba da barasa a ƙarshen 2012, ta rushe hawa-hawan harajin ya koma guda, ta kuma ware mafi yawan ƙarin kuɗin ga lafiya, musamman inshorar marasa ƙarfi. Masu amfani da taba suka sauka daga kashi 29.7 a 2009 zuwa 19.5 a 2021.

Sarkin_Musu
Ni kuma in ba ka Niyu Zilan. A 2022 suka yi dokar hana sayar wa duk wanda aka haifa daga 2009 sigari har abada. Sabuwar gwamnati ta zo ta soke ta a 2024, ministar kuɗinsu kuma ba ta ɓoye ba cewa kuɗin taba zai taimaka wajen cike gurbin rage wasu harajin. Direban_Dare ya kamu da nikotin, baitulmali ya kamu da Direban_Dare. Wa zai yi wa wani magani?

Direban_Dare
Ni dai kowa ya ci a kaina 😅

Tsohon_Mashayi
Ƙanina, ka yi abu ɗaya don ni. Kar ka daina, kar ka rage. Ka dai rubuta abin da ka kashe a kanta kullum har wata guda, ka zo ka gaya mana.

Direban_Dare
Baba, tsoron abin da zan gani nake yi. Amma zan gwada.

Mai_Nazari
Jiya da daddare na miƙa wa yayana wayata ya karanta zaren nan tun daga sama. Ya yi dariya, ya ce a gaya wa Malam_Lissafi ya sa shi cikin casa'in da bakwai, kuma a gaishe da Direban_Dare. Da ya zo kan maganar Uwar_Biyu bai ce komai ba, ya daɗe a wurin. Na tambaye shi ko akwai abin da tsadar ta canza masa, ya ce babu. Can kuma sai ya ce, sai dai abu ɗaya: da in ya buɗe kwali, duk wanda ya miƙo hannu yana ba shi, har samarin da ke zama kusa da su. Yanzu shekara biyu ke nan ba ya ba kowa, a aljihun ciki ma yake sa shi. Ya ce shi kansa karan farko da ya sha a duniya kyauta aka ba shi.

Malama_Aji
To ka ji. Samarin nan da ya daina ba wa, su nake magana tun farko.

Sarkin_Musu
Ko kuma sun koma wurin mai kara-kara da canjin aike, kamar yadda ke da kanki kika faɗa, Malama.

Uwar_Biyu
Mai_Nazari, don Allah ka tambayar mini matarsa ita me ta gani.